Wasiƙa zuwa ga ɗana a Yamai

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma karatu na tafiya. Mahaifiyarka ta ce an zaɓe ka shugaban ƙungiyar ɗaliban garinmu a jami'a. Allah ya taya ka riƙo. Ta kuma ce kana shirin cire waɗanda suka yi takara da kai daga kwamiti, wai don kada su hana ka aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, in tuna maka abin da ya sami Diori Hamani da ya rasa masu yi masa gardama.

Kun haddace a makaranta cewa Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agustan 1960, Diori Hamani ya zama shugaba. Amma tun 1958 aka ƙulla abin. A Satumbar shekarar De Gaulle, jagoran Faransa, ya kawo ƙuri'ar raba gardama: ko a zauna a inuwar Faransa, ko a fice nan take kamar yadda Gini ta yi. Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba, wanda gwamnati ke hannunsa, ya ce a fice. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka jawo sarakuna, masu son zama suka yi rinjaye, Djibo ya sauka, Diori ya hau. A 1959 aka haramta Sawaba. 'Ya'yanta da yawa suka tsallaka Kano da Gana, waɗansu suka dawo da bindiga a 1964, aka murƙushe su. Shekarar da ta biyo, aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla a Yamai, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Kada ka bi 'yan Facebook masu kiran Diori yaron Faransa kawai su wuce. Malamin makaranta ne mai ilimi da natsuwa, har Hausa da Zabarmanci ya koyar a Paris. Lokacin yaƙin Biyafara, Faransa na goyon 'yan aware, shi ya tsaya da Najeriya. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, ya matsa wa Faransawa su ƙara farashi. Mutumin yana da nasa.

Inda ya karye shi ne cikin gida. Jam'iyya ɗaya ce ta rage, PPN-RDA, zaɓen 1965 da na 1970 shi kaɗai ya tsaya. Sai fari ya faɗo daga 1968, ya yi tsanani a 1973. Dabbobi suka ƙare, makiyaya suka cika bayan garuruwa hannu wofi, ga haraji ana ta karɓa. Hatsin taimako ya shigo, manya suka ɓoye suna sayarwa, kuma a majalisa babu mai bakin da zai tashi ya ce ina buhunan suka shiga, don masu irin wannan baki suna kurkuku ko gudun hijira. Ranar 15 ga Afrilun 1974 hafsan soja Seyni Kountché ya kifar da shi, aka kashe matarsa Aisa a daren. Ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Maroko a 1989.

Na san ƙungiyarku ba ƙasa ba ce, 'yan kuɗin karo-karo ne da hayar motar zuwa hutu. Duk da haka, wanda ya zo na biyu ka ba shi littafin kuɗi ya riƙe. Duk taro a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. In ya yi maka gardama ka bar shi ya kai aya kafin ka amsa, ko da ranka na tafasa.

Mahaifiyarka ta ba direba kilishi da ƙuli-ƙuli, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Maraɗi