Jirgin da Ingila ta ɓoye nutsewarsa

Malam Edita, salamu alaikum.

Jiya a fadarmu ta Birni muna shan shayi, wani tsohon ɗalibina ya rantse wai Bature ba ya ƙarya. Na yi dariya har na ƙware.

Sai na tuna masa Audacious, katafaren jirgin yaƙin Ingila da ya ci karo da nakiyar Jamus a tekun arewacin Ailan ran 27 ga Oktoba 1914. An kwashe mutanensa, da dare ya fashe ya nutse. Fasinjojin jirgin Olympic, har da Amurkawa, sun gan shi yana tangal-tangal, sun ma ɗauki hoto! Amma hukuma ta yi gum, ba ta amsa ba sai Nuwamba 1918.

Don Allah ku buga, yaron ba ya fashin jaridarku.

Tsohon malamin tarihi,
Damagaram