Daƙiƙa biyun da ke rage wa mai babur

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin mu yi tsokaci kan yadda ake ba da labarin hatsarin babur, da abin da mahaya ya kamata su tsinta a ciki. Galibi labarin ba ya wuce layi uku: mota ta buge mai babur, mutum kaza sun rasu, an ɗora laifin a kan gudun wuce kima. Mai karatu ya yi salati, ya yi wa mamatan addu'a, ya wuce. Ba a gaya masa ta ina motar ta ɓullo ba, a mararraba ne ko a kwana, da rana ne ko da magariba, akwai hular kwano a kan mahayin ko babu, in akwai kuma ko igiyarta a ɗaure take. An ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma sai an nuna wa mutum abin da ya sami wanen dalla-dalla. Da wakilanku za su riƙa yin waɗannan tambayoyi a wurin da abin ya faru, da labarin ya fi amfanar masu rai.

Dalilinmu shi ne haɗurran babur kama suke yi da juna. A 1981 aka fitar da sakamakon binciken da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta a Amurka, inda aka bi diddigin haɗurra 900 a yankin Los Angeles, aka auna komai tun daga sawun taya a kan kwalta har zuwa inda hula ta bugu. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, yawanci ƙaramar mota, kuma a kashi biyu cikin uku na irin wannan karo direban motar ne ya shiga hannun mai babur. Wanda ya fi maimaituwa shi ne mota mai tahowa ta karya kwana zuwa hagu ta gaban babur ɗin da ke tafiya miƙe, a ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama ke nan. Wani binciken da aka yi a ƙasashen Turai biyar a 1999 da 2000 kan haɗurra 921 shi ma ya tarar cewa sanadin da ya fi kowanne yawa shi ne direba bai lura da babur ba.

In direba ya rantse cewa bai ga mai babur ba, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Babur siriri ne, ƙarfen da ke gefen gilashin gaban mota kaɗai yana iya rufe shi ruf a daidai lokacin da direba ya waiga. Sannan ido yana ƙiyasta gudun abin da ke tahowa ne ta yadda girmansa ke ƙaruwa, ƙaramin abu kuwa yakan yi kamar yana nesa yana tafiya a hankali, sai ya zo dab sannan ya cika ido. Ga shi kuma direban da ke jiran fita daga layi motoci yake nema da idonsa, da ya ga babu mota sai ya ɗauka hanya ta ba shi.

Saboda haka shirin mai babur a mararraba tun daga nesa yake farawa. Ya sassauta totur, ya ɗora yatsu biyu a kan birkin gaba, ƙafarsa ta kasance a kan na baya, domin kai hannu ga birki kaɗai yana cin wani yanki na daƙiƙa. Kada ya dogara da haɗa ido da direba, mutum yana iya kallon inda kake bai gan ka ba. Tayar gaban motar za a kalla: ita ce ke fara nuna motsi, ita ce kuma ke nuna inda aka karkata sitiyari. Ya ɗan matsa a cikin hannunsa zuwa gefen da ke nesa da motar, don wannan ɗan motsi yana ƙara masa fili, yana kuma jawo idon direba. Kada ya laɓe a bayan bas ko babbar mota yana shiga mararraba, domin mai jiran karya kwana yana ganin ƙarshen bas ɗin zai ɗauka babu kowa. Haka nan in motoci sun yi cirko-cirko kana ratsawa ta gefe, ka ga an bar giɓi a tsakanin biyu, to wani aka ba hanya, ko mota ko mai tafiya a ƙasa. Fitilar gaba ta kasance a kunne ko da tsakar rana ne, riga kuma mai haske.

Binciken Hurt ya nuna cewa lokacin da ke rage wa mahayi daga sa'ad da hatsari ya bayyana zuwa karo bai cika daƙiƙa biyu ba. A lissafa abin da wannan ke nufi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, hannu ya matsa birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, in ma hankalinsa na wurin ke nan. Bayan haka yana bukatar kamar mita 20 kafin ya tsaya, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau da hannun da ya iya birki. Jimla kusan mita 37. Mai gudun kilomita 40 kuwa mita 11 zai ci kafin ya kama birki, ya ƙara kamar 9, ya tsaya a mita 20. A daidai wurin da na biyun ya sa ƙafa a ƙasa, na farkon bai daɗe da taɓa birki ba, yana kan gudun da ya haura kilomita 50. Nisan birki ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka biyu, shi ninki huɗu yake yi.

Mu tsaya kan birkin gaba, domin a nan aka fi yi wa kai illa. Mahaya da yawa sun taso da tsoronsa, wai yana kifar da mutum, har wasu kan bar wayarsa a sake da gangan. Alhali da an kama birki nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Wanda ya take na baya shi kaɗai da ƙarfi, tayar za ta daina juyawa ta riƙa jan ƙasa, bayan babur ya goce gefe, nisan tsayawa ya ƙaru. Wannan kuskure shi ne aka fi gani a binciken Hurt: an cika wa baya birki, an bar gaba.

Abin da ke kifar da mutum fizgar birkin ne a lokaci guda. Yadda ake yi shi ne a miƙar da babur, a rufe totur, a matsa birkin gaba a hankali na kamar rabin daƙiƙa har gaban babur ya duƙa, sannan a ci gaba da ƙara matsi da ƙarfi, ana taka na baya kaɗan, a kama kuloci, a matse tanki da gwiwoyi, ido yana gaba. In tayar gaba ta kulle, a saki nan take a sake kamawa. In ta baya ce ta kulle har bayan ya goce sosai a kan kwalta, sakin ta farat ɗaya yana iya sa tayar ta cafki ƙasa ta wurgar da mahayi ta sama, don haka gara a riƙe ta haka ana daidaita kan babur har a tsaya. Babu wanda zai iya wannan ranar farko a gaban mota. A sami fili marar zirga-zirga a riƙa gwadawa da gudun kilomita 20, sannan 30, har hannu ya saba. Babur mai birkin ABS yana hana tayar kullewa, amma ba ya matsa wa kowa birki.

Wani abin da ke kai mutane ƙasa shi ne ido. Babur inda ido ya kafe yake bi. Wanda ya zuba wa rami ko ƙofar mota ido a firgice, ita zai dosa. Sai an horar da kai a kalli sararin da za a bi. Kaucewa cikin gaggawa kuma ba da karkata jiki ake yi ba: da gudu ya wuce na sassarfa, tura hannun babur na dama gaba shi ke kwantar da shi dama, na hagu kuma hagu. Kada a haɗa kaucewa da birki mai ƙarfi, domin riƙon da taya ke yi wa ƙasa iyaka gare shi, ba zai ishi ayyukan biyu a tare ba. Ko a yi birki a saki sannan a kauce, ko a kauce a miƙe sannan a yi birki.

Ragowar kashi ɗaya cikin huɗu na haɗurran da Hurt ya bincika, wanda mahayi ke faɗuwa shi kaɗai, galibi a kwana ne. Ya shiga da gudun da ya fi ƙarfinsa, ya tsorata, ya kama birki babur na kwance. A gama rage gudu kafin kwana, a juya kai zuwa mafitarta, a bi ta da totur kaɗan. Yashi da tsakuwa da man dizal da ya zube, da fentin layi da murfin ƙarfe in sun jiƙe, duk a bi ta kansu a miƙe ba birki. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba shi ya fi santsi, don yana taso da maiƙon da ya kwanta a kan kwalta.

Tirela da tanka hukuncinsu gajere ne. In ba ka ganin madubin direba, ba ya ganin ka. In ta buɗa hagu, mai yiwuwa dama za ta karya, tayoyin bayanta kuma za su yanko ta cikin kwanar, daidai wurin da ya yi kama da hanya a buɗe. Kada a shiga nan.

Duk wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, ita kuwa tana gajiya. Wani bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, tafiyar hankalinsa daidai take da ta wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini. Ƙwayoyin da ake sha don kore gajiya jin gajiyar suke ɓoyewa, su ƙara wa mutum ganganci. Wanda ya ga yana hamma a kai a kai, ko ya kasa tuna 'yan mitocin da ya wuce, ya sauka ya huta. Duba waya na daƙiƙa biyu a gudun kilomita 60 tafiyar mita 33 ce ido a rufe. Abin lura kuma, yawancin haɗurran da Hurt ya bincika a gajeriyar tafiya suka faru, jim kaɗan bayan tashi, kuma fiye da rabin mahayan ba su kai wata biyar a kan babur ɗin da suka faɗi da shi ba. Sabon babur da na aro sai an koyi halin birkinsu tukuna.

Na'urar kanta ba ta da wahalar dubawa. Iskar taya a auna ta da geji duk mako tun tayar na da sanyi, a bi adadin da kamfani ya rubuta, a ƙara wa ta baya in za a ɗauki goyo ko kaya. Suɗaɗɗiyar taya a canza ta. Sarƙa a yawancin ƙananan babura tana son sakin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Fitilar birki ta kama da hannu da ƙafa. Masu cire madubi don ado kuwa, ba mu san abin da za mu ce musu ba.

Hular kwano, bisa bitar bincike da aka wallafa a 2008, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan 69. Amma hular da ba a ɗaure ba ita ke fara barin kai kafin a kai ƙasa. A ja igiyar har yatsu biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Mai rufe haɓa ta fi, domin fuska na yawan riga sauran kai isa ƙasa. Farin soson da ke cikinta shi ke shanye bugu ta hanyar murƙushewa, kuma ba ya komawa yadda yake, don haka hular da ta taɓa buguwa da kai a ciki ta gama aiki ko da bayanta bai tsage ba.

In aka tarar da wanda ya faɗi, a fara tsayar da ababen hawa don kada a bi ta kansa, a kashe babur ɗin, a kira agaji. Kada a ciccibe shi hannu da ƙafa, kada a fizge masa hula, sai fa in ba ya numfashi ko yana amai, shi ma mutum biyu za su yi, ɗaya ya riƙe wuya daidai da jiki ɗaya ya zare. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila tiyata ce a gabansa. Wanda kansa ya bugu ya tashi yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti duk da haka, domin jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai yakan ɗauki awoyi kafin ya nuna alama.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu koyar da tuƙin babur