A gyara layukan da aka ɗauko kafin a tura amsar imel

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da masu amsa imel a kwamfuta, musamman masu rubutu cikin manhajojin gyara rubutu irin su Vim ko Emacs ko nano. Duk mai bin doguwar muhawara ta imel ya san abin nan, kowace amsa tana ƙara alamar > da sarari a gaban maganar wanda aka amsa wa, layi mai haruffa 72 ya koma 74, ya koma 76, kafin ka ankara ya haura 78 ɗin da ƙa'idar tsarin saƙon imel, RFC 5322, ta ce a tsaya a kai, sai wata manhajar ta karya shi ta jefo kalma ɗaya ko biyu ƙasa babu alamar a gabansu. To mai karatu ta ya zai gane wa ya faɗi me? Wallahi abin yana damuna, don maganar wani sai ta koma kamar taka ce, kuma daga nan ake fara samun saɓani.

Gyaran ba wani aiki ba ne. A saitin Vim ka sa textwidth=72, wato faɗin layi, ka tabbatar akwai q a cikin formatoptions, sannan akwai n:> a cikin comments, wannan n ɗin shi ke gaya masa alamar za ta iya hawa kan 'yar'uwarta kamar >> ko > >. Shikenan, ka kai cursor, wato alamar inda kake rubutu, kan sakin layin ka danna gqip, zai sake jera kalmomin tsaf ya mayar wa kowane layi alamarsa. In ma Vim ya gane fayil ɗin na mail ne yawancin wannan shi yake saitawa da kansa, mutane ne dai ba su san da gq ɗin ba. Emacs kuma M-q ne, wato Alt+q, nano Ctrl+J. Akwai kuma wata 'yar manhaja par da Adam Costello ya rubuta tun 1993, ta iya wannan aikin sosai.

Amma fa a kula, ba komai ake sake jerawa ba. Baitin waƙa, jadawali, layukan kod, waɗannan a bar su yadda mai su ya ajiye, in ka danna gq a kansu sai su cakuɗe su zama kunu. Kuma jera layi daban, taɓa kalmomin mutum daban, in za ka yanke wani wuri ka sa [...] kowa ya gani. Masu manhajar imel ta Mutt da suka kunna text_flowed su ƙara w a formatoptions, don tsarin format=flowed na RFC 3676 da sararin ƙarshen layi yake gane cewa magana ba ta ƙare ba.

Sai mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit biyu ne a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, ba ɗaya ba kamar k da d da b, shi kuma fmt na GNU, wata manhajar jera layi, bayit yake ƙirgawa ba harafi ba, shi ya sa yake yanke mana layi tun bai cika ba. Vim ba ya haka in dai encoding ɗinka utf-8 ne, don haka ni shi nake ba masu rubutun Hausa shawara su riƙe.

Na gode.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku