Kada a Goge Kwamfuta Don Kawai Manhajar Kariya Ta Ƙi Shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar ɗan fili domin in yi magana a kan wata asara da ke aukuwa a gidajenmu a nan Garwa, wadda na tabbata ba ta bar Marwa da Ngaundere da Kusuri ba. Mutum zai nemi ya sa wa kwamfutarsa ta gida manhajar kariya, wato antibirus, sai ta ƙi shiga. Ya gwada wata, ita ma ta tsaya a rabin hanya. Daga nan sai ya ɗauke ta zuwa wajen mai gyara, shi kuwa tun kafin ya duba komai ya yanke hukuncin cewa sai an goge ta ƙaƙaf an sake zuba Windows. Da yamma kwamfuta ta dawo tana aiki, amma hotunan aure da na suna sun tafi, lissafin bashin shago ya tafi, kundin da ɗalibi ya yi wata da watanni yana rubutawa domin kammala jami'a shi ma ya bi su. Abin da nake so masu karatu su sani shi ne, ƙin shigar manhajar kariya yana da dalili, dalilin kuma sau da yawa ƙarami ne, ana iya gano shi a gida ba tare da an taɓa ajiyar kowa ba.

Zan fara da abin da aka fi rainawa, wato agogon kwamfuta. Galibin kwamfutocin da muke saya na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai kafin su sauka a tashar ruwan Duwala. A cikin kowacce akwai ɗan ƙaramin batir mai faɗi kamar kwabo, lambarsa a yawanci CR2032, wanda aikinsa shi ne ya riƙe kwanan wata da lokaci idan an kashe na'ura. Idan batirin nan ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma baya da shekaru. Manhajar kariya kuwa ba ta yarda ta karɓi komai daga kamfaninta sai ta duba shaidar tabbaci da ke tare da shafin, kuma kowace shaida tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Kwamfutar da take zaton har yanzu ana 2012 za ta ɗauki shaidar bana a matsayin wadda ba ta inganta ba, ta ƙi haɗuwa, ta nuna saƙon da zai sa mutum ya zargi layin intanet ɗinsa. Gyaran nan bai wuce a daidaita kwanan wata da sa'a a ƙasan allo ta hannun dama ba, sannan a sayi sabon batir a wajen masu gyaran agogo. Abin takaici ne a ce an goge aikin shekaru saboda wannan.

Dalilin da ya fi yawa a cikin waɗanda na gani kuwa shi ne tara manhajojin kariya a kwamfuta ɗaya. Mutanenmu sun ɗauka yawansu shi ne ƙarfin tsaro, shi ya sa za ka tarar da Avast da AVG da ragowar McAfee ta gwajin kwana 30 duk a wuri guda, ana kuma ƙoƙarin ƙara Kaspersky a kai. To, ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kowace manhajar kariya tana kafa kanta ne a can cikin tushen Windows, inda take tare duk fayil ɗin da za a buɗe ta bincika shi tukuna, don haka idan ta tarar da wata ta riga ta zama a wurin, ko dai ta ƙi shiga, ko su shiga tare kwamfuta ta yi nauyi har ta riƙa daskarewa. Haɗa Avast da AVG ma ba ya ƙara komai, domin tun 2016 da Avast ya sayi AVG suka koma gida ɗaya, injin bincikensu kuma ɗaya ne.

Wurin da ake samun ruɗani shi ne, mutum zai rantse cewa ya cire tsohuwar, kuma da gaskiyarsa, domin ya shiga inda ake cire manhajoji ya danna, sunanta ya ɓace. Amma irin waɗannan manhajoji an gina su ne yadda ba za su ciru da sauƙi ba, saboda kada ƙwayar cuta ta iya tumɓuke su, don haka sukan bar gutsattsari a baya, sabuwar kuma idan ta ci karo da su sai ta ja da baya. Kamfanonin sun san da wannan, shi ya sa kowannensu ya tanadi ƙaramar manhaja ta musamman ta share ragowar, kyauta a shafinsa: ta McAfee sunanta MCPR, ta Kaspersky kavremover, ta Avast kuwa Avast Clear. Ana sauko da wadda ta dace da tsohuwar manhajar, a gudanar da ita, a kashe kwamfuta a sake kunnawa, sannan a koma kan sabuwar. Kada a tsallake sake kunnawar nan don gaggawa, domin wasu gutsattsarin ba sa fita sai lokacin da na'ura ke tashi. Haka kuma idan za a buɗe fayil ɗin shigarwa, a danna shi da maɓallin dama a zaɓi "Exécuter en tant qu'administrateur", wato a gudanar da shi da cikakken ikon mai kula da kwamfuta, tun da asusun da ba shi da cikakken iko ba zai iya sa manhajar kariya ba.

A nan ya kamata mai kwamfuta ya tsaya ya tambayi kansa ko ma yana bukatar abin da yake wahalar nema. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Microsoft yake haɗa manhajar kariya mai suna Defender a cikin Windows, kuma a Windows 10 da 11 tana nan tana aiki, tana sabunta kanta, ba a biyan ko sisi. Mai son gani ya buɗe "Sécurité Windows" zai same ta. Idan aka sa wata manhajar, Defender takan janye da kanta ta ba ta wuri, idan aka cire waccan kuma ta dawo bakin aiki. A ganina, ga kwamfutar gida da ake rubutu da kallo da karatun yara a kanta, Defender da ake barinta tana sabuntawa ta fi manhajar kuɗi da wa'adinta ya ƙare tun bara, wadda tambarinta kawai ya rage a allo yana kwantar wa mai gida da hankali. Smadav da ta cika gari kuwa, wadda aka ƙirƙira a Indonesiya, masu ita da kansu sun bayyana ta a matsayin ƙarin kariya ta biyu, musamman domin filashi, saboda haka kuskure ne a kashe Defender a dogara da ita kaɗai.

Akwai kuma matsalar da ta shafi halin da muke ciki na intanet da wuta. Fayil ɗin da mutum ke samu idan ya danna maɓallin farko a shafin kamfani yawanci ƙarami ne ƙwarai, aikinsa kawai ya jawo ainihin manhajar, wadda takan kai ɗaruruwan megabait. Wanda ke amfani da datar wayarsa, idan ta ƙare ko layi ya yanke a tsakiya, sai shigarwar ta lalace, wani lokaci ma ta bar ragowar da za ta hana gwaji na gaba. Kamfanoni da dama suna da cikakken fayil wanda ba ya bukatar intanet lokacin shigarwa. Shi ya fi dacewa da mu, a sauko da shi sau ɗaya a inda layi ke da ƙarfi. A tabbata batirin kwamfutar hannu ya cika kafin a fara, mai ta tebur kuma wanda ba shi da akwatin ajiyar wuta ya zaɓi lokacin da wuta ta fi zama. A duba ma'ajiyar C, idan layinta ya yi ja a rage finafinai, domin manhajar tana neman fili na gigabait ɗaya zuwa uku.

Maganar tsufan Windows ita ce mai ɗaci, amma dole a faɗe ta. Microsoft ya daina kula da Windows XP tun Afrilun 2014, ya daina da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Sababbin fitowar manhajojin kariya da yawa ba sa karɓar Windows 7 ko kaɗan, waɗanda ke karɓa kuma suna sharɗanta a sa Service Pack 1 da sabuntawar 2019 mai lamba KB4474419, wadda ta koya wa Windows 7 gane sabon nau'in sa hannu na SHA-2. Ba tare da ita ba, kwamfuta za ta ƙi amincewa da manhajar ko da ta asali ce. Sa waɗannan yakan buɗe hanya, sai dai ina gaya wa mai irin wannan na'ura gaskiya cewa manhajar kariya ba ta toshe ɓarakar da ke jikin Windows ɗin kanta, don haka kada ya yi harkar kuɗi a kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne irin Windows ɗin da wasu masu gyara ke zubawa. Akwai wadda aka yi wa kwaskwarima aka rage mata nauyi domin ta yi gudu a tsohuwar na'ura, kuma cikin abubuwan da ake cirewa har da Defender da sashen sabuntawa. Akwai kuma al'adar kashe kariya domin a gudanar da manhajar satar lasisi, sannan a manta, ko a ƙi, mayar da ita. Mai kwamfuta bai san an yi haka ba, sai ranar da ya zo sa antibirus ta ƙi, saboda sassan da take dogara da su babu su. Mafi muni ita ce manhajar kariya da aka fasa, wadda ake yawo da ita a filashi da alƙawarin lasisin shekaru masu yawa kyauta. Wanda ya sa ta ya miƙa iko mafi girma a kwamfutarsa ga wani da bai sani ba, wanda ya riga ya sauya cikin manhajar yadda ya ga dama. Mai son ta kuɗi ya saya a wajen dillali sananne, ya kuma tambaya ko lambar lasisin tana aiki a yankinmu, domin wasu kamfanoni suna ɗaure lambar da ƙasar da aka sayar da ita.

Saura yanayin da ƙwayar cuta ce da kanta ke hana shigarwa, kuma yana da alamomi. Tagar shigarwa takan buɗe ta rufe nan take. Shafukan kamfanonin kariya su ƙi buɗewa alhali Facebook da sauran shafuka suna buɗewa lafiya. "Gestionnaire des tâches", wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki a kwamfuta, ya ƙi fitowa. Wannan dabara tsohuwa ce. Ƙwayar cutar Conficker, wadda ta bazu a 2008, tana toshe hanyar zuwa shafukan kariya, Sality kuwa, da aka sani tun 2003, tana kashe manhajar kariya kuma tana manne wa duk fayil ɗin manhaja da ta samu, har da na antibirus ɗin da aka kawo a filashi domin a yaƙe ta. Daga nan filashin ya koma gidan maƙwabci da cutar a cikinsa. Maganin shi ne a bincika kwamfutar daga waje, lokacin da Windows ba ta tashi ba balle ƙwayar ta farka. Windows 10 da 11 suna da wannan a cikin zaɓuɓɓukan binciken Defender, inda na'ura ke sake tashi ta yi bincike kafin komai ya buɗe. Idan Defender ba ta nan, a je kwamfuta mai lafiya a shirya filashin ceto, irin Kaspersky Rescue Disk, a tayar da marar lafiyar daga gare shi. "Mode sans échec", wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman sassanta kawai, shi ma yana taimakawa wajen bincike da cire ragowar tsohuwar manhaja, amma kada a yi mamaki idan sabuwar ta ƙi shiga a cikinsa, domin sashen Windows mai kula da shigarwa ba ya tashi a can. A yi shara a ciki, a fito a sa manhajar.

Ban ce ba a taɓa bukatar gogewa ba. Idan Sality ta cinye fayilolin Windows, ko kuma Windows ɗin tun asali gurguwa aka zuba, sake zubawa shi ne daidai. Amma ko a nan haƙƙin mai kwamfuta ne a kwashe masa takardu da hotuna da sautuka tukuna, a bar fayilolin manhajoji domin su ne ke ɗauke da cutar, a kuma bincika abin da aka kwashe kafin a mayar. Ina roƙon 'yan'uwanmu masu gyara, waɗanda da yawansu matasa ne masu hazaƙa da suka koyi sana'ar da ƙoƙarin kansu, su riƙa tambayar mai kaya abin da ke ciki kafin su taɓa, su kuma caji kuɗin bincike a fili idan ya ɗauki lokaci. Na san gogewa ta fi sauri, kuma mai kaya yakan matsa yana son kayansa yau, amma wanda aka yi wa bayani da wuya ya zaɓi asarar ajiyarsa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ya shafi harshe. Kwamfutocinmu a Kamaru da Chadi da Faransanci suke magana, bayanin gyara da ake samu da Hausa kuma kusan duk ya ginu ne a kan allon Ingilishi irin na Nijeriya, don haka dattijo ko uwar gida da ke karanta jaridarku ba sa iya haɗa abin da kuka rubuta da abin da suke gani. Da za ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, ku kawo saƙonnin kuskure da aka fi gani yadda suke da Faransanci, ku bayyana ma'anarsu da Hausa, da kun taimaki jama'a masu yawa. Haka nan hukumar ANTIC, wadda dokar 2010 kan tsaron intanet ta ɗora wa nauyin wannan fanni a Kamaru, ina fatan za ku tuntuɓe ta ku nemi ta riƙa fitar da faɗakarwarta da Hausa da Fulfulde a gidajen rediyon arewa. Kafin nan, duk wanda manhaja ta ƙi shigar masa ya ɗauki hoton saƙon da waya, da lambar kuskuren idan akwai, ya tafi da shi wajen mai gyara.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Garwa, Jamhuriyar Kamaru