Godiya ga Gidauniyar Aga Khan kan gyaran tsohon asibitin Zanzibar

Assalamu alaikum.

Ni magini ne a Bauchi, kuma a madadin abokan tafiyata nake miƙa wannan godiya ga shugabanni da ma'aikatan Aga Khan Trust for Culture, gidauniyar da ke gyaran gine-ginen tarihi, saboda abin da idonmu ya gane mana a tsohon garin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Ginin da ya tsayar da mu shi ne tsohon asibitin bakin teku. Attajirin nan ɗan asalin Indiya, Tharia Topan, ya aza harsashinsa a 1887, ya rasu a 1891 bai ga ƙarshensa ba, sai a 1894 aka kammala. Daga baya aka bar shi ya lalace, har kuka ɗauki nauyin gyaransa a shekarun 1990. Da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina garin, kuma duk magini ya san abin da siminti ke yi wa irin wannan bango: ya tsare danshi a ciki, waje sumul, ciki na ruɓewa. Ku kuwa kun bi hanyar masu ginin na farko, kuka mayar da sassaƙar barandar katakon nan da gilasai masu launi yadda suke. Aikin haƙuri ne, wanda ɗan kwangila mai gaggawa ba zai yarda ya yi ba.

Mun gode kuma da lambun Forodhani da kuka gyara aka buɗe a 2009. Bayan magariba masu gasa kifi da masu matse rake sukan cika wurin. Daga nan muka kutsa lungunan shaguna, inda kanumfari da kirfa da masoro ke jibge, ga zannuwan kanga. 'Yan kasuwar sun iya ciniki, sai dai sun tarar da Bauchawa.

Mu ma muna da Gidan Madaki a Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka ayyana kayan tarihi na ƙasa a 1956. In wata rana hanya ta biyo da ku Najeriya, muna gayyatarku ku zo ku duba shi, maginanmu su ƙaru da ku.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara arziki.

Naku,
Wani magini daga Bauchi