Karayar Ƙugu a Tsofaffin Maza: Ana Iya Hango Ta Tun Kafin Faɗuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ciwo da muka ɗauka na mata ne kawai, wato zaizayar ƙashi. Bara baffana ya zame a banɗaki yana shirin alwalar asuba, aka ce targaɗe ne, aka kira mai ɗori, sai bayan mako biyu hoton asibiti ya nuna wuyan ƙashin cinyarsa ne ya karye. Har yau bai koma masallaci da ƙafarsa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne likitoci suna da hanyar gane wanda ke cikin wannan haɗari tun yana tafe garau. Na'urar DXA tana auna ƙwarin ƙashi, kuma tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa awon -2.5 zuwa ƙasa, a ma'aunin da ke kwatanta ƙashin mutum da na matashi mai lafiya, a matsayin alamar zaizaya. Sai dai da yawa daga cikin mazan da ke karyewa awonsu bai kai nan ba, shi ya sa masana suka koma duba ƙirar ƙashin kanta, kamar yadda aka yi a binciken MrOS na Amurka, wanda ya fara bibiyar dattawa maza kusan 6,000 daga shekarar 2000.

Ƙashin cinya ba miƙaƙƙe ba ne har ƙarshensa. A samansa akwai wuya da ya karkata ya shige cikin ƙugu, kamar ƙotar fartanya, kuma tsawon wannan wuya da karkatarsa da kaurin ɓawonsa duk suna da tasiri a kan nauyin da zai iya jurewa. Tafiyar yau da kullum ɓangaren ƙasa na wuyan take ɗora wa nauyi, don haka yana riƙe ƙarfinsa, amma ɓangaren sama yana ta sirancewa da shekaru. Ranar da tsoho ya faɗi ta gefe, a kan wannan siririn ɓangaren ne bugun ke sauka. Saboda haka mutum biyu masu awo ɗaya suna iya yin faɗuwa iri ɗaya, ɗaya ya tashi ya karkaɗe riga, ɗayan kuwa sai an ɗauke shi.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu karayar ƙugu a duniya maza ne, kuma mutuwa cikin shekarar farko bayan karayar ta fi yawa a maza fiye da mata. Shan taba da barasa, da daɗewa ana shan magungunan rage kumburi irin su prednisolone, da maganin rage sinadarin mazakuta da ake bai wa masu sankarar prostate (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), duk suna cin ƙashi a ɓoye.

Roƙona shi ne, kafin ranar zaizayar ƙashi ta duniya, 20 ga Oktoba, jaridarku ta tattauna da likitocin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, su bayyana wa jama'a da Hausa wane ne ya kamata a auna, a ina, kuma nawa ne kuɗin awon.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya