Godiya ga garejin da ke auna sensa kafin ya taɓa aljihun mutum

Assalamu alaikum. Zuwa ga maigidan garejin nan na bayan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da yaransa, musamman mai rewayar nan marar yawan magana.

Na ga ya dace in yi godiyar a fili, domin ciwon sensar oksijin da kuka gano a motata Fijo 406 yana damun motoci da yawa, masu su kuma ba su san sunansa ba. Wutar cek-injin ta kama, mota na zuƙar fetur, sulo na rawa, a taka totur ta yi jim kafin ta ɗauka. Ga baƙin hayaƙi a salansa, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai, fulogi kuma baƙi ƙirin. A wasu wuraren maganin duk ɗaya ne: a canza fulogi, a wanke nozul, a ce famfon mai ne, sannan a cire kan batir wutar ta mutu. Kwana biyu ta dawo. Har akwai masu liƙe ta da baƙin salatif, wai don hankalin direba ya kwanta!

Shi mai rewayarku da ya jona na'ura a soket mai baki 16 da ke kusa da sitiyari, lambar P0133 ta fito, wato ta gaba cikin sensa biyun da ke auna iskar oksijin a hayaƙin salansa tana jinkirin amsawa. Bai ce a je a sayo ba. Sai da ya fara laluben salansa daga bakin inji zuwa inda sensar take, domin ko ƙaramar huda ce iska za ta shiga, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfutar mota ta yi ta ƙarawa. Ya duba fiyus da wayoyi huɗun, biyu daga ciki na hita ne, tun da sensar ba ta aiki sai ta haura digiri 300 na zafi a ma'aunin salshiyas. Da inji ya ɗumama, ya riƙe shi a wajen juyi 2,500 a minti, ya juyo allon ya ce, "Alhaji, duba da idonka." Lafiyayyar sensa tana kai-komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 na ƙarfin wuta kusan kowace daƙiƙa, da haka kwamfuta ke riƙe awon iska 14.7 ga fetur 1. Wannan kuwa jan ƙafa take yi a tsakiya, da ƙyar take motsi.

Ta gaban kaɗai kuka canza. Ta bayan aikinta gadin indomi ne, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuma lafiyarta ƙalau. An kwance ta da sifanar soket mai tsaga lamba 22, salansa na da ɗumi-ɗumi, bayan an zare filoginta don kada waya ta murɗe. Tsohuwar ma a hannuna aka sa ta, har da karatu: baƙin kai alamar mai ya yi yawa ne, fari kamar alli silikon ne ko ruwan lagireto ke shiga inji, ɓawo mai ruwan ƙasa kuma inji na cin baƙin mai. In ba a gyara tushen ba, sabuwar ma ba za ta daɗe ba. Wanke ta da fetur da ake yi a bakin titi ɓata lokaci ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kafin a sauke motar sai da aka nuna mini indomina yana nan daram. Kowa ya san irin ɓarnar da ake yi: saboda ɗan filatinam da faladiyam da ke ciki, a fasa a kwashe, a yi walda, mai mota bai sani ba sai lambar P0420 mai nuna indomi ba ya aiki ta fito. Wasu kuma su bar mutum yana yawo da matacciyar sensa har ɗanyen mai ya narkar da indomin. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita da ciwo ake sayenta, amma har yau akwai garejin da na'urarsu ta goge lamba ce kawai, ga kuma jabun sensa a kwali mai ƙyalli da ba ta kai wata uku.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaran nan albarka.

Naku,
mai Fijo daga Kurna